Gona Ta Tsaya a Ƙauye, Akushin Ya Biyo Ni

Ranar sunan ɗiyarka na lura da kai, Auwalu. Ka durƙusa ka gaishe ni, da za ka miƙe sai da ka dafa bango. Mutanen zaure suna ta cewa, "Ma sha Allah, Auwalu ya yi jiki, hutu ya karɓe shi." Ban tanka ba, don ba a yi wa mutum faɗa ranar farin cikinsa. Amma na san wannan yabon. An shafe kusan shekara ashirin ana yi mini shi, har ya kwantar da ni a gadon asibiti.

Da ni da mahaifinka a ƙauye muka tashi. Tuwon dawa malmala uku ba ya ba ni tsoro, da rana kuma a dama fura a ƙwarya. Sai dai kafin hantsi ya dubi ludayi mun jiƙe sharkaf a gona. Ruwa sai an ja guga, kasuwa sai an taka. Abin da ya shiga ciki da dare, gumi ya fitar da shi da safe. Da na zo Kano, Allah ya ba ni rumfa a Kantin Kwari, sai gona ta tsaya a ƙauye, akushin ya biyo ni. Na wuni a kujera ina auna yadi. Da safe mai shayi ya haɗo mini kauri da burodi, da rana shinkafa tana ninƙaya a mai, baƙo ya zo a sayo lemo biyu, ɗaya nawa. Da dare tuwo yadda na saba, bayan isha'i kuma ga tsire. Tafiyar da ba ta kai kiran sallah nisa ba sai na tare ɗan acaɓa, wai kada a ga Alhaji yana tafiya a ƙasa.

Ina da shekara 52 ƙishirwa ta fara damuna, fitsarin dare sau huɗu, idona yana ganin hazo. Likita ya ce ciwon suga ne, ga hawan jini a kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba takardar gwaji ba ce, igiya ce. Ya auna tsayina da ita, ya ninka ta biyu, ya ce in zagaye cikina ta wajen cibiya. Bakinta bai haɗu ba, saura kusan taƙi guda. Ya ce faɗin ƙugun mutum bai kamata ya wuce rabin tsayinsa ba, domin kitsen tumbi ba a fata ya tsaya ba, can ciki yake lulluɓe hanta da hanji, yana hana jiki sarrafa suga. Ka ji abin da nake shafawa ina jin ni wani ne.

Da farko na yi wauta. Na daina cin abincin rana gaba ɗaya, da dare in rama har da riba. Na kuma sayi wani shayin rage ƙiba wurin mai talla da lasifika a tasha. Kwana uku ina zarya a banɗaki, ruwan jikina ya zube, tumbin yana nan daram.

Abin da ya yi aiki ba shi da daɗin faɗa, don ba wani sirri a ciki. Lemo na fara sallama. Gorar nan ta santilita 50 tana ɗauke da sukari fiye da giram 50, wato cokalin shayi 12 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar cokali 12 a wuni, in ya tsaya a 6 ya fi. Gora ɗaya ke nan ta cinye rabonka na yini, ba a ma zo kan shayi da koko ba. Gwamnati ta sa wa irin waɗannan lemuka harajin naira 10 a kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, amma ni dai ban ga wanda naira goma ta hana shi sha ba. Kada kuma ka ce ka koma zoɓo da kunun aya ka tsira. In na sayarwa ne, tambayi mai haɗawa gwangwani nawa na sukari ta juye.

Tuwo ban bar shi ba, kuma ba zan ce ka bari ba. Malmala ɗaya ce, miyar ce ta yi yawa: kuka, kuɓewa, taushe, a rage mai da ɗunƙule, a ƙara daddawa. Da rana wake, ko kwaɗon zogale ko na rama, abincin da a da nake wa kallon na marasa hali. Fura da nono ba sukari. Mako biyu harshena ya saba, har na fara jin ɗanɗanon geron. Nan ne rigimar gida ta taso. Hajiya ta ga kwano yana dawowa da saura, ta ɗauka girkinta na raina. Sai da na kai ta wurin likitan ta ji da kunnenta. Kai ma ka zaunar da maiɗakinka, don ita ke riƙe da ludayi. In ka yi maganar, ka haɗa da wannan: kada ƙawaye su ba ta ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe" don ta ciko bayan jego. Wasunsu kumbura fuska suke yi, su tada suga da hawan jini, su raunana ƙashi.

Sai tafiya. Likitoci sun ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da zai sa numfashinka ya ɗan ɗaga amma kana iya magana. Bayan asuba nake yi, kafin rana da ƙura. A shekara ɗaya da rabi na sauko daga kilo 96 zuwa 84. Maganina ban daina sha ba, amma an rage shi, gwiwata kuma ta daina ƙara in na yi sujada.

Ka shirya wa bakin mutane. Da wuyana ya fito, 'yan layinmu suka fara, "Alhaji lafiya? Ko kasuwar ce?" Har wani ya ja ni gefe zai ranta mini kuɗi. Su ne dai masu cewa na yi kyau lokacin da nake tashi fitsari sau huɗu.

Na ji ka sayi mota, Allah ya tsare. Ranar Asabar ka bar ta a gida, ka same ni bayan sallar asuba mu taka zuwa gindin Dala. Igiyar tana nan a aljihun jakata, zan taho da ita.