Fim ɗin da na ba Kawu ban kalla ba

A danginmu, in ana neman fim, ni ake nema. Suna ne da na yi tun ƙuruciya a Kano, zamanin da silimar Plaza da Orion da Marhaba ke cika maƙil, mafi yawan darare da fim ɗin Indiya, ana kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. In an dawo gida ni ke zama a dakali in ba waɗanda aka hana zuwa labarin Sholay, tun daga harin jirgin ƙasa har mutuwar Jai, da muryar Gabbar Singh da komai. Bidiyo ya shigo falo, faifai ya ture shi, intanet ta ture faifai, ina nan ina biye. A intanet ɗin ne na ɗauko wata muguwar ɗabi'a. In na ga sunan fim yana yawan fitowa a jerin da masana ke yi, sai in haddace darakta da shekara da jimla biyu game da jigonsa. Ba a jimawa sai in ji bakina yana ambatarsa a hira, ana gyaɗa kai, ni kaina har na manta ban taɓa kallonsa ba.

Xala na Usman Sembene yana cikinsu. Na san a 1975 ya fito, na san daga littafin da shi Sembene ya rubuta aka ɗauko shi, na san ana cewa babu fim ɗin da ya kai shi yi wa shugabannin Afirka na bayan 'yancin kai tatas, har hukumomin Senegal suka yanke wasu sassansa kafin a nuna shi a gida. Iyakar ilimina ke nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya kama cinikin hatsi, Allah ya buɗa masa. A shekarar da nake magana ya sa sola a gidansa, ya sayi babbar talabijin, ya kuma yi aure na uku. Na je gaishe shi ya ce, "Kai da ake cewa ka san finafinai, samo mini na masu hankali. Ban da na rawa da waƙa." Na zuba masa wasu a filas na kai. Ina nuna masa sunayen, da na zo kan Xala na ce, "Wannan kuwa, Kawu, da na kalla kai na tuna." Abin da nake nufi shi ne hirarsa ta kullum, cewa Bature ya tafi ya bar mana kujerarsa da masu zama irin nasa. Na so in burge shi ne kawai.

Ga abin da ke cikin fim ɗin. Wani Alhaji ne, El Hadji Abdou Kader Bèye, ɗan kasuwa, yana cikin waɗanda suka karɓi Majalisar 'Yan Kasuwa daga hannun Turawa, Turawan kuma suka dawo ta bayan fage suna miƙa wa kowa jaka cike da kuɗi. Ya karkatar da shinkafar da aka yi niyyar talakawa su amfana da ita, ya yi shagalin auren mace ta uku, yarinya sa'ar 'yarsa. Daren tarewa aka ce ya zauna a kan turmi don kariya daga sammu, ya ce shi ya wuce wannan camfin. Gari ya waye bai iya taɓuka komai ba a ɗakin amarya. Sauran fim ɗin duk yawon neman magani ne, daga wannan malami zuwa wancan, ana zargin uwargida, ana zargin ta tsakiya, kasuwa tana rushewa. A ƙarshe mabarata suka cika masa gida, suka sa ya tuɓe suna tofa masa yawu.

Kawu bai kalla shi kaɗai ba. Ya gayyato abokan majalisarsa bayan isha'i, aka kawo shayi, shi kuma da yake shi ne mai Turancin, yana karanta rubutun da ke ƙasan hoton yana fassara musu. Ya riga ya gaya musu cewa ɗan ƙanwarsa ya ce da ya kalla shi ya tuna. Taubashina, babban ɗansa, shi ya kira ni washegari, dariya ta hana shi magana. Ya ce wajen rabon jakunkuna Kawu har tafa hannu yake yana cewa ga su nan, ga su nan. Da aka zo bikin aure murya ta fara raguwa. Da gari ya waye wa El Hadji, fassara ta tsaya cak, sai wani dattijo a cikinsu ya ce, "Alhaji, ci gaba mana, me ya ce?"

Maganar ba ta kwana a falo ba. Amarya ta daina amsa gaisuwata. Hajiya uwargida, wadda ban taɓa haɗa baki da ita a kan komai ba, ta aiko mini da dambun nama, aiken da ya fi komai ɗaure ni, don duk wanda ya ji ya gama yanke hukunci. Mahaifiyata ta kira ta ce me yayanta ya yi mini. A nan na ga tsaka mai wuyar da na shiga. In na yi shiru, na zama yaron da ya yi wa kawunsa habaici a gaban sa'o'insa. In na wanke kaina, dole in ce ƙarya na yi, ban kalla ba, kuma sunan da na yi shekaru ina tinƙaho da shi a dangi ya tafi. Kunya ce in faɗa, amma sai da na tsaya ina auna wanne ya fi sauƙi.

Na je na durƙusa na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da ka ce da gangan ka yi, sai in ce marar kunya ne amma ya yi karatu. To yanzu me zan ce?" Ya yafe, amma wannan tambayar ta fi zagi zafi, don malami ne ya kama ɗalibi da satar amsa.

Na koma gida na kalli Xala daga farko har ƙarshe, kuma dole in ce fim ɗin ba shi da laifi ko kaɗan. Gwani ne ya yi shi. Akwai wurin da direba ke wanke Marsandin El Hadji da ruwan kwalba na Evian, mabarata na gefe ana shirin kwashe su daga titi don kada su ɓata wa baƙi gani. Akwai 'yarsa Rama, wadda in ya yi mata Faransanci sai ta mayar masa da Wolof. Wani malamin ƙauye ma ya warkar da shi, ya biya da cek, cek ya dawo babu kuɗi, malam ya mayar masa da ciwonsa. Sembene yana cewa masu mulkin da suka gaji Turawa ba za su haifar wa ƙasa komai ba, ya kuma zaɓi hanyar da ko wanda bai je makaranta ba zai gane. Da Kawu shi kaɗai ya kalla, a wata shekarar daban, na tabbata da ya zama fim ɗinsa. Ni na kai shi ɗakin da bai dace ba, a watan da bai dace ba, na kuma ɗora masa jimlar da ta mayar da shi saƙo.

Bayan nan na zauna na tace jerin da nake kira finafinan da na fi so. Na aro sun fi yawa. Waɗanda suka rage kuma, na gane kowanne yana da wanda ba za a ba shi ba. Mother India na 1957 ina sonsa har gobe, tun daga noman da Radha ke yi da kafaɗarta bayan shanu sun tafi a bashin Sukhilala. Amma ƙarshensa Radha ce, uwa, ta harbe ɗanta Birju da hannunta, don haka ba zan miƙa shi ga matar da ɗanta ya shiga daba tana kwana tana kuka ba, duk da cewa a da ita zan fara ba, in ce zai taɓa mata zuciya. Timbuktu na Abderrahmane Sissako, na 2014, yana da wurin da samari ke buga ƙwallo babu ƙwallo saboda masu bindiga sun haramta ta, ban san wuri mai kyau irinsa a fim ɗin Afirka na kusa ba. Yana kuma da jifan mutum biyu har lahira. Wanda ya gudo daga Gwoza ko Baga ba ya bukatar a nuna masa wannan a talabijin.

Wanda nake bayarwa ido rufe shi ne Children of Heaven na Majid Majidi, daga Iran, 1997. Ali ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa Zahra, suna tsoron gaya wa uba don sun san ba shi da na saye, sai suka riƙa karɓa-karɓa da nasa, ita da safe shi da rana. Aka sa gasar tsere, kyautar na uku takalmi ce, yaro ya shiga da niyyar ya zo na uku. Ba zan faɗi na nawa ya zo ba. Ana kallonsa da suruka, da yara, da liman. Lion of the Desert na Moustapha Akkad ma haka, in an jure ganin yaƙi. Anthony Quinn ya fito a Umar Mukhtar, malamin allo da ya hana sojojin Italiya sakat a Libiya har suka rataye shi a 1931. Shi ne kaɗai a filas ɗin nan da Kawu ya maimaita.

Akwai biyu da nake matsa wa matasa su nema, don labarinmu ne. Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa aka yi shi, ya ɓace wa mutane shekaru da yawa kafin a gyara kwafinsa a nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Sai Sarraounia na Med Hondo, 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani, kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi ta'asa a Birnin Ƙonni. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Na kuma daina ɓoye cewa ina son Sangaya na 1999, da waƙarsa da rawarsa. Shekaru ina yi masa kallon raini a bainar jama'a, ina kunna shi a ɗaki.

Da ƙura ta lafa, na kai wa Kawu wani na Sembene, Mandabi na 1968, wanda na kalla da idona har rubutun ƙarshe. Ibrahima Dieng magidanci ne marar aiki a Dakar, mata biyu, 'ya'ya bakwai. Ɗan 'yar'uwarsa da ke shara a Paris ya aiko da takardar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000. A karɓa sai da katin shaida, katin sai da takardar haihuwa da hoto, kowane tebur da mai jiran nasa, a unguwa kuma labari ya bazu, ana ta cin bashi da roƙo a kan kuɗin da ba su zo hannu ba. Mutumin da ya sha layin tantance 'yan fansho ba ya bukatar a fassara masa wannan. Na gaya masa duk abin da ke ciki kafin in miƙa, har da yadda wani ɗan boko ya cinye kuɗin. Duk da haka shi kaɗai ya fara kalla, ƙofa a rufe.

Da na koma na tambaye shi yaya ya gani, ya ce, "Ya yi. Shi ma dai ɗan 'yar'uwa ne ya jefa kawunsa a masifa. Amma shi ko ba komai kuɗi ya aiko."