Gindin Harsashi Ya Tona Asiri

Jama'a, ashe harsashin da ya ƙi tashi shi ke faɗin ciwon bindiga! Da idona na gani a wata maƙera a Madarunfa, har yanzu abin bai bar raina ba.

Bindigar kawuna ce, mai baki ɗaya, kalibar 12, takardunta cif, don a nan kusa da iyakar Ɗan Isa mai hankali ba ya riƙe bindiga babu takarda, ga kuma dokar farauta ta 1998. Ana tsakiyar hunturu ya fita halbin zabin daji wajen Gabi. Ya ja kunama, ƙas! Shiru. Ya sake wani harsashi, ƙas! Gida ya dawo rai a ɓace, wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa kunama ta mutu.

Na raka shi wurin wani tsohon maƙeri. Ko kallon bindigar bai yi ba, sai ya miƙa hannu: "Sarkin baka, ina harsasan da suka ƙi?" Ya juya gindinsu ga hasken rana, ya jawo ni: "Ɗana, matso ka gani." A tsakiyar gindin akwai ɗan ƙarfe zagayayye, nan allurar bindiga ke sara wuta ta tashi. Sarar da ke jiki ba ta fi shafar farce ba! Ya ce in ramin ya yi zurfi kuma bai tashi ba, laifin harsashi ne, ya sha danshin damina ko ya tsufa. In babu tabo ko kaɗan, allura ta karye ko bindigar ba ta rufu sosai ba. Irin wannan sama-sama kuwa, allura na fitowa, ƙarfi ne babu.

Ya tabbatar babu komai cikin bindigar, ya kwance ta. Wallahi sai wari ya bugi hancina, warin tsohon man gyaɗa! Da shi ake shafe ta shekara da shekaru, mu da gyaɗa ba ta yi mana wuya a ƙasar Maraɗi. Man girki yana daskarewa in ya daɗe a iska, ƙurar hunturu ta shiga ta cakuɗe da shi, sanyin asuba ya ƙara ƙame shi. Ramin allurar ya toshe da baƙin danƙo kamar ƙaro. Ya jiƙa ƙarafan a kananzir, ya bi ramin da tsinke da tsumma, sai ga allura tana kai da komowa ba tangarɗa. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya ya sa, ya goge saura.

Wani yaro ya ce a ɗan goge haƙorin kunama da magagari ta yi laushi. Tsohon ya daka masa tsawa: haƙorin nan shi ke riƙe da ran mutum, in ya cinye, bindiga na iya tashi da kanta daga ɗan karo.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da ya tambayi kawu me ya yi bayan ƙas ɗin farko. Ya ce buɗewa ya yi nan take. Tsohon ya dafe kai. Harsashi kan yi jinkiri, ya tashi bayan an ɗauka ya mutu. Sai a riƙe bakin bindigar inda babu kowa, a ƙirga talatin a natse, sannan a buɗe, fuska a gefe.