Roni: Kwanan Ciki da Kwanan Biza

Wanda ya bar Kano ta hanyar Daura, ya wuce Dambatta ya iso Kazaure, idan ya karkata yamma zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Duwatsu na leƙowa ta bayan gonakin gero da dawa da gyaɗa, ƙauyuka na bayyana ɗaya bayan ɗaya, har ya shiga Roni. Garin na cikin masarautar Kazaure tare da Gwiwa da 'Yankwashi, a kusurwar Jigawa da ke gogayya da jihohin Kano da Katsina. Da rani wuri ne mai shiru, domin samari da yawa sun tafi cirani. Amma shirun na yaudarar baƙo. Da wuya ka zauna a majalisa a cikin Roni, ko Amaryawa, ko Gora, ba a ambato wani da ke Legas, ko Agadas, ko Jidda ba. Mutanen nan matafiya ne, kuma sun gaji tafiya.

Kakanninsu da suka yi niyyar Hajji da ƙafa suka tafi. Sukan bi ta Borno su ratsa Wadai da Darfur, su ƙetare Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru. Mace takan yi ciki a hanya, ayari ya yada zango, ta haihu, a yi suna, ta gama wankan jego, wani sa'in ma a yi noman damina guda kafin a ɗaura kaya. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana cike da jikokin waɗanda aka haifa a kan wannan hanya. Tafiya ce mai wuya da ta ci rayuka, amma tana jiran mai ciki. Ta yau awa biyar ce a jirgi, sai dai ba ta jiran kowa.

Abin da ya canza shi ne takarda. Yau maniyyaciya daga Roni tana biyan kuɗin kujera ta hannun hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, ƙarƙashin tsarin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006. A 2025 kujerar ta haura naira miliyan takwas. Ana fara karɓar kafin alƙalami watanni da dama kafin tashi, har tazarar takan yi kusa da tsawon ciki guda. Ke nan matar aure mai ƙuruciya na iya biyan kuɗi ba ta ɗauke da komai, lokacin tantancewa ya zo ta tarar da kanta da cikin wata huɗu. Hukumar ta hana masu juna biyu tafiya, ana kuma yi wa mata gwaji kafin a tashi. Ka'idojin lafiya na Saudiyya su ma sun hana mai tsohon ciki da mai cikin da ke da haɗari.

Hanin yana da hujja. Allurar shawara, wadda ake buƙata daga duk wanda ya fito daga Najeriya, ba a cika yi wa mai ciki ita ba. Kamfanonin jiragen sama da yawa suna neman takardar likita bayan mako 28, ba sa kuma ɗaukar mai ciki bayan mako 36. Sannan ga zafi. Hajji na matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan ya faɗo a tsakiyar zafin Makka. A 2024 hukumomin Saudiyya da kansu sun ce mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasari saboda zafin rana. Tafiyar Mina da Arfa da Muzdalifa kan gajiyar da ƙato, balle mai ɗauke da rai biyu.

Duk da haka kusan kowace shekara sai an ji labarin wadda ta haihu ko ta yi ɓari a Makka ko Madina, an kuma sha zargin wasu da miƙa fitsarin wata a wurin gwaji. Na tambayi wata dattijuwa a Roni, wadda ta daɗe tana karɓar haihuwa, me ke sa mace ta yi wannan kasada. Ta ce, "Malam, kai ba ka san kunyar ba. An sayar da shanu, an sayar da gona, dangi sun zo sallama, sai ta ce ta fasa? Kuma wa ya ba ta tabbacin baɗi kuɗin zai isa?" Maganarta ta fi dogon sharhi. Ga al'adarmu, ƙaramin ciki ba abin faɗa ba ne, ko ga uwar miji. Ga tattalin arzikinmu kuwa, kuɗin bana ba ya sayen kujerar baɗi. Idan kunya da tsoron asara suka haɗu, sai gaskiya ta ɓuya.

Ba masu zuwa Hajji kaɗai abin ya shafa ba. Akwai 'ya'yan wannan yanki, ciki har da malaman kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da kan samu gurbin ƙaro ilimi a waje su so tafiya da iyali. Mai neman zama a Ingila fiye da wata shida dole ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, a Abuja ko Legas, kuma hoton ƙirji ake ɗauka. Mai ciki tana da zaɓi: ta yi hoton da kariya idan cikin ya wuce watannin farko, ko ta ba da majina, wanda sakamakonsa kan kai mako takwas, ko ta jira ta haihu. Takardar gwajin wata shida take aiki. Idan aka yi jinkiri kaɗan, bizar za ta fito lokacin da jirgi ba zai ɗauke ta ba. Idan ta haihu a gida, jaririn na buƙatar nasa fasfo da tasa biza. Tun Janairun 2024 ma Ingila ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Amurka kuwa tun Janairun 2020 ta ba jami'anta damar hana bizar ziyara ga wadda suke ganin haihuwa ce ta kai ta.

A Roni kuma akwai wata kalandar da ofishin jakadanci bai san da ita ba. Mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Bayan haihuwa akwai suna a rana ta bakwai, akwai wankan jego da kunun kanwa har arba'in. Uwa ba za ta yarda 'yarta ta yi jegon fari ita kaɗai a ɗakin haya a wata uwa duniya ba, ita kuma uwar samun bizar da za ta je ta kula da ita wani dogon aiki ne. Da yawa sai miji ya tafi, mata ta zauna, ya fara ganin ɗansa ta waya.

Gyara na farko na hannun hukumomin alhazai. Ya kamata a rubuta a fili, a kuma yi ta sanarwa a rediyo da Hausa, cewa wadda ciki ya hana tafiya kujerarta na nan har shekara mai zuwa, ko kuɗinta ya dawo cif cikin wa'adi sananne. A yi gwajin da wuri, a kuma maimaita dab da tashi, a asibitin da ke kusa da ita, a hannun mata, cikin sirri. Wadda ta san ba za ta yi asara ba, ba ta da dalilin ɓoyewa.

Na biyu na hannun malamai da maza. Hajji ya wajaba ne a kan mai iko, kuma lafiyar jiki na cikin ikon. Wadda ta ɗaga tafiya don kare abin da ke cikinta ba ta gaza ba, kuma limamin Juma'a ne ya fi dacewa ya faɗi haka tun kafin a fara karɓar kuɗi. Miji kuma, kafin ya cike takardar neman biza, ya zauna da matarsa da ma'aikaciyar awo su ƙirga makonni, domin a wannan lissafi mako biyu na iya raba iyali shekara guda.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, in ji Hausawa, kuma mutanen Roni ba za su daina ta ba. Biza idan ta ƙare ana sake nema, Hajji ma yana dawowa kowace shekara. Mace da abin da ke cikinta ne ba a sake nemowa.