Gilisarin da Fason Hunturu

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa yin hunturu a Argungu, ka san yadda iskar bakin kogin Matan Fada take mayar da fatar mutum tamkar busasshen ƙirgi. A irin wannan lokaci ne diddigen mahaifiyata ya tsattsage, bayan ta shafe makonni tana aikin shinkafa a fadama. Ga shi tana da ciwon sukari, wanda ƙaramin faso kan zame wa mai shi gyambo.

Na sayo mata kwalbar gilisarin, ta dinga shafa shi tsagwaronsa a busasshiyar ƙafa. Ba abin da ta samu sai danƙo da raɗaɗi da ƙura mai liƙewa. Sai da muka je asibiti a Birnin Kebbi wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mana kuskurenmu.

Aikin gilisarin shi ne ya jawo danshi ya riƙe shi. Idan iska ta bushe, fatar ma a bushe, yana iya zuƙo ɗan ruwan da ya rage a cikinta. Don haka ka wanke ƙafa, ka sirka shi da ruwa mai tsabta, ka shafa tun tana da laima, sannan ka bi da man kaɗanya ko basilin, ka sa safa. Da haka ƙafar Inna ta haɗe. Amma mai ciwon sukari da ya ga kumburi ko mugunya, asibiti zai nufa.

Wani masani ɗan Suwidin, Carl Scheele, shi ya gano gilisarin a 1779 daga man zaitun. Yau ana samun sa wajen haɗa sabulu, kuma yana cikin maganin tari da man goge haƙori da maganin matsi na taurin bayan gida.

Sai dai ka yi hattara. Akwai wani sinadari mai guba da ya yi kama da shi a kauri da zaƙi. A 1995 zuwa 1996, yara fiye da 80 sun rasu a ƙasar Haiti bayan shan maganin zazzaɓin da aka haɗa da gurɓataccen gilisarin. Ka sayi rufaffe mai lambar NAFDAC, kuma kada ka ba yaro na shafawa ya sha.

Allah ya ba mu lafiya mai ɗorewa.