Dare Ɗaya A Farar Hamada

Masu cewa hamada zafi kawai gare ta ba su kwana a Farar Hamada ta ƙasar Masar cikin Janairu ba. Gandun yana arewa da garin Farafra, an keɓe shi a 2002. Duwatsunsa alli ne fari fat. A da ƙarƙashin teku suke, iska ta yi ta sassaƙarsu har wani ya koma kamar kaza, wani kamar laimar kwaɗi.

Da rana riga ɗaya ta ishe mu. Rana na faɗuwa sai ga sanyin da hunturun Kano bai kama ƙafarsa ba. Muka kafa tanti jikin mota don kare iska, kowa da bargo biyu, amma haƙora na kaɗawa. Ruwa da itace kuwa daga gari muka ɗauko, inda muka sauka babu ko ɗigo. Can tsakar dare yanyawa ta lallaɓo, kunnuwa fato-fato, ta sace ragowar burodinmu.