Dawakai Arba'in

Mahaifina ya yi shekara goma sha tara yana ɗaure noti a kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Duk motocin da suka bi ta hannunsa, babu wadda ya fi yawan ba mu labarinta kamar wata sifana mai awo. Ana saita ta a kan lamba, in noti ya kai ƙarfin da aka ƙayyade masa sai ta yi ƙas, daga nan ko da sauran ƙarfi a damtsenka dole ka ɗage hannu. Muna yara mukan yi dariya a ɓoye, don mun ji labarin har ya gundure mu.

A 2018 na sayi motata ta farko, Golf 4 ƙirar 2001, ta hannu, wadda aka shigo da ita ta Kwatano. Injinta lita 1.8 ne mai turbo, ƙarfin doki 150. Ranar da na kawo ta gida Baba ya sa na buɗe bonet, ya sunkuya ya saurari injin kamar likita da majinyaci, sannan ya ɗago ya ce, “Babu wanda ya taɓa ta. Ka bar ta yadda ka same ta.”

Na bar ta wata biyar. Abin da ya sauya ni ba wani babban abu ba ne. Wata yamma a kan titin Zariya wani matashi ya wuce ni a irin motata, launi ɗaya ma, na taka totur har ƙasa amma ko ƙurarsa ban kamo ba. Na kwana da abin a raina. Ni malamin makaranta ne mai mata da 'ya'ya biyu, ba inda zan je da ke buƙatar wannan gudun, amma ita zuciya ba ta tambayar inda za a je.

Da iyakilina na fara. Na cire akwatin da kamfani ya sa, na sayo matatar iska mai siffar mazurari a Panteka. Injin ya riƙa shaƙar iska da wani gurnani mai daɗin ji, ni kuwa na ɗauki ƙara a matsayin ƙarfi. Sai daga baya na gane cewa akwatin nan da na raina daga gaban mota yake janyo iska mai sanyi, mazurarina kuwa zafin cikin bonet yake zuƙa, ga ƙurar hunturu. Bayan haka na koma kan salansa. Aka yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi saboda ƙananan ramukan cikinta, aka yi waldar bututu miƙaƙƙe a gurbinta. Wanda ya yi aikin ya karɓi tsohuwar tukunyar da fara'a har da rage mini kuɗi, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam. Maƙwabta suka fara sanin dawowata tun daga bakin layi. Uwargida ta ce yara sun daina barci a mota.

Babban aikin shi ne na ƙwaƙwalwar motar. Turbo ɗan injin ne da hayaƙin salansa ke juyawa, shi kuma ya danna iska cikin silinda da ƙarfi. In iska ta ƙaru sai a ƙara fetur, in fetur ya ƙaru sai ƙarfi ya ƙaru. Ƙwaƙwalwar ce ke yanke hukuncin yawan iskar da za a danna, da yawan man da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Wani yaro mai kwamfutar hannu, wanda aka haɗa ni da shi, ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, cikin ƙasa da awa guda ya sauya waɗannan lambobi da wasu da ya samo daga Turai. Ya ce ya ƙara mini dawakai arba'in. Fitilar gargaɗi da ta kama tun ranar da aka cire indomi ita ma ya kashe mini ita, kyauta.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji ranar har yau ban manta shi ba. Ina sa giya ta uku na taka, sai na ji kujera ta tokare mini baya, fitilun titi suka riƙa tahowa da sauri. Ba ruɗi ba ne, dawakan suna nan. Tambayar da ban yi ba ita ce: in suna nan tun asali, don me waɗanda suka ƙera injin suka ɗaure su?

Makanikina, dattijo ne da ya koyi aiki tun zamanin kafireto, shi ya ba ni amsar, ban kuwa tambaye shi ba. Ya ce, “Malam, iska in an matse ta zafi take yi. Wanda ya rubuta lambobin nan yana ƙasar sanyi ne, yana shan fetur mai lamba 98. Kai kana Kaduna, kana shan abin da ka samu. In zafi ya yi yawa kuma mai ba shi da kyau, ba ya jiran tsari, fashewa yake yi a kan fistin kamar guduma. Akwai na'urar da ke jin wannan bugun ta janye wuta, amma tana da iyaka, kai kuma ka cinye ratar da aka bar mata.” Na ce masa ai motoci na zamani sun wuce saninsa. Ya yi murmushi ya ci gaba da wanke hannu da fetur. Ko da kuloci ya fara sulɓewa bayan wata biyu, ban ɗauke shi gargaɗi ba, na canza shi na wuce.

A watan Afrilun 2019, wata Talata da hantsi, aka bugo waya daga Kano cewa ƙanin Baba ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Baba ya ce mu tafi tasha. Na ce, “Haba Baba, ga mota a gida? Kafin a kira salla mun isa.” Har da ɗan alfahari na faɗa, don na ga ranar da dawakaina za su yi amfani ta zo. Gidan man unguwarmu akwai layi, sai na tsaya wajen 'yan bumburutu aka juye mini galan uku.

Rana ta take, kwalta tana walƙiya kamar an zuba ruwa, na kunna na'urar sanyaya mota na kuma ƙi ɗaga ƙafa. Mun wuce Jaji, mun wuce Zariya. Baba yana jan carbi bai ce uffan ba, sai can ya karkata kai gefe, irin karkatawar da ya yi ranar da na kawo motar.

“Rage wuta, yaron nan. Injin nan yana ƙwanƙwasa.”

“Salansa ce, Baba.”

“Salansa ba ta yin ƙarar tsakuwa a gwangwani.”

Na kasa kunne, ban ji komai ba sai rurin bututun da na biya kuɗi aka sa mini. Shi da kunnen ɗan shekara saba'in ya jiyo abin da ke ƙarƙashin rurin. Na ɗan sassauta don girmamawa, da na hango tirela a gaba kuma na sake takawa don in wuce ta. Kafin mu kai Kwanar Dangora motar ta yi wata irin girgiza, ƙarfi ya zube, hayaƙi ya turnuƙe madubin baya. Na gangara gefen titi, injin ya mutu.

Mun fi minti arba'in a tsaye kafin wata bas mai gurbin mutum ɗaya ta tsaya. Na sa Baba a ciki, ni na zauna jiran janwe. Daga baya ɗan marigayin ya gaya mini cewa sun jinkirta iya abin da za su iya, amma da zafin nan ba a ajiye gawa. Baba ya iske mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Da aka sauke injin, makaniki ya nuna mini fistin na uku, gefensa ya ɓalle daidai inda zobe ke zama. Na sayi wani injin na hannu da albashin wata uku da rancen da na ci a wurin aiki. Na koma Panteka neman akwatin iyakilina da tukunyar indomi, wadda na saya ninkin abin da aka rage mini a kan tawa. Lambobin ƙwaƙwalwa kuwa da kyar aka samo na asali, don yaron bai ajiye su ba.

Ranar sadakar arba'in na je gaishe shi da asuba, ina shirin ce masa na yi masa shatar mota. Sai na tarar ya riga ya sa hula yana tsaye kusa da Golf ɗin. Ya ce in tayar. Ya saurara na ɗan lokaci, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

Bayan Zariya wata mota ta wuce mu da ruri, na ji ƙafata ta motsa da kanta a kan totur, na mayar da ita. Da muka zo inda muka tsaya wancan karon, tabon baƙin mai yana nan a gefen kwalta. Baba ya bi shi da kallo har muka wuce, sannan ya ce in mun shiga gari mu fara biyawa ta maƙabarta, yana so a nuna masa wurin.