Abin Da Na Gani A Babban Taron Baraden Mulumba

Editan wannan shafi ya roƙa kowane ɗalibi ya rubuta wani abu da ya gani a lokacin hutu, wanda zai amfani jama'ar kwaleji. Waɗansu za su ba da labarin girbi, waɗansu na biki, ni kuwa tafiya na yi. Na raka kawuna zuwa babban taron ƙasa na wata ƙungiyar 'yan Katolika, wadda a ke kira da Turanci Knights of Saint Mulumba, watau Baraden Waliyyi Mulumba. Na sani da yawa cikin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, waɗansu kuma Kirista ne na waɗansu ikilisiyoyi dabam. Saboda haka bari in fara bayyana ko su wane ne waɗannan mutane, kana in faɗi abin da ya shafe mu, mu masu koyon aikin malanta.

Baraden nan dai ba limamai ba ne, ba kuwa sufaye ba. Magidanta ne masu mata da 'ya'ya, akwai likita, akwai lauya, akwai ɗan kasuwa, akwai malamin makaranta. Wani limami ɗan ƙasar nan, Fada Abraham Ojefua, shi ya kafa ƙungiyar a Anaca ran 14 ga Yuni 1953. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne, ya ga 'yan Katolika masu ilmin boko suna ruɗuwa suna shiga ƙungiyoyin asiri, don neman ɗaukaka a wurin aiki da abokan da za su tsaya musu. Sai ya ce to, a yi musu tasu zumunta a cikin ikilisiya, inda za su sami 'yan'uwa ba tare da sun sayar da bangaskiyarsu ba. Ya ɗauki tsarin daga wata ƙungiya ta Amurka, Knights of Columbus, wadda Fada Michael McGivney ya kafa a New Haven cikin 1882 don tallafa wa gwauraye da marayun ma'aikata. Ga shi yau Baraden Mulumba sun bazu ko'ina a Nijeriya. Suna da ƙananan rassa a garuruwa, da manyan majalisu na yankuna, da majalisar ƙoli ta ƙasa duka. Matansu kuma suna da tasu ƙungiya a gefe. Takensu kuwa da harshen Latin ya ke, ma'anarsa: lokaci yana gudu, ka tuna da mutuwa.

Kawuna yana zaune a Kumbiya-Kumbiya, cikin garin Gombe, a gidansa kuwa na ke yin hutu tun ina ƙaramin yaro a makarantar Mishan. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, abin da ya ke samu na fansho bai taka kara ya karya ba. Amma tun farkon shekara ya shiga adashi don kuɗin mota da na masauki, gama ya ce in dai yana da rai da lafiya ba za a yi taron nan ba shi ba. Maƙwabtanmu duk Musulmi ne, muna kuwa zaune lafiya. Ran Salla tuwo da nama su shigo gidanmu, ran Kirsimeti shinkafa ta fita zuwa nasu.

Ana sauran kwana uku mu tashi, kawu ya aike ni da baƙar kwat ɗinsa wurin wani dattijon tela na bakin layinmu, a gyara hannun. Da na je karɓa, sai tsohon ya dube ni ya ce, "Samari, jiya na hangi kawunka a tsakar gida yana goge takobi. Wane yaƙi za ku?" Na ce, "Baba, ai ba yaƙi. Takobin ado ne, kamar na baraden Sarkin Gombe ran hawan Salla." Ya ce, "To, na ji. Amma baraden Sarki kakanninsu sun yi yaƙi tare da Buba Yero, shi ya sa jikoki su ke rataya takobi. Shi wannan Mulumba da ku ke kira, wane gari ya ci?" Na ce masa in na komo zan kawo masa amsa cikakkiya.

Muka tashi da asuba. Muka bi ta Bauci, muka hau Jos, muka gangara Akwanga da Lafiya, muka ƙetare gadar Binuwai a Makurɗi, muka nausa kudu. Ba mu isa masauki ba sai da dare ya raba. Tafiya mabuɗin ilmi, in ji Hausawa, amma ƙugu ne ke biyan kuɗin makaranta.

Gani ya kori ji. Ranar buɗe taro na ga abin da ban taɓa gani ba. Ga mutane daga Ikko, da Anaca, da Kalaba, da Binin, da Abuja, da Kaduna, da Jos, kowa cikin baƙar kwat, sun jeru sahu sahu. Manyansu suka zare takuba, suka tsaya dama da hagu, bishop-bishop da limamai suka ratsa ta tsakiya zuwa bagade. Matan kuma suna nasu sahu cikin anko. Da aka ta da waƙa, sai da tsigar jikina ta tashi. Bayan sujada aka yi lacca wadda kowa ke iya shiga, sa'an nan 'yan ƙungiya suka shiga zauren shawara, mu 'yan rakiya muka zauna a inuwa muna tsaron jakunkuna. Da dare kawu ya gaya mini cewa yawancin zaman na ba da lissafi ne. Kowane yanki ya tashi ya faɗi abin da ya yi a shekara. Nasu reshe, in ji shi, ya biya wa waɗansu marayu kuɗin makaranta, ya kai abinci da sabulu gidan yari, ya kuma biya tarar waɗansu fursunoni da su ke tsare don rashin 'yan kuɗi kaɗan, ba a kuwa tambayi addinin kowa ba.

A inuwar nan na haɗu da wani tsoho, wanda ciwon ƙafa ya hana shi hawa matakalar zauren. Tsohon hedimasta ne, ya yi aiki a Arewa shekaru da yawa, Hausarsa kuwa ta nuna. Ya tambaye ni abin da na ke karantawa, na ce aikin malanta. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai kai ne ɗan gidan Mulumba na sosai. Mu kwat muka gada, kai kuwa aikinsa za ka gada." Na ce, "Baba, yaya haka?" Ya gyara zama ya ba ni labari. Da na komo na bincika a ɗakin karatu na kwaleji, na tarar haka abin ya ke.

Sunansa Matiyas Kalemba, Mulumba kuwa sunan sarautarsa ne. An haife shi a ƙasar Busoga, cikin Yuganda ta yau, aka kamo shi bawa yana yaro aka kawo shi ƙasar Buganda. Saboda amincinsa ya ɗaukaka har ya zama na hannun daman hakimin Singo, yana zaune a Mityana, yana yi wa mutane shari'a. Limaman Katolika na farko, waɗanda a ke kira White Fathers saboda fararen rigunansu, sun iso Buganda cikin 1879. Mulumba ya saurari koyarwarsu, aka yi masa baftisma cikin watan Mayu 1882, ya riga ya manyanta. Yana da mata da yawa, ya zauna da ɗaya, ya tanadar wa sauran abin zaman gari. Ko da ya ke basarake ne, ya koyi ginin tukwane da jima, yana ci da guminsa.

To, ga inda labarin ya shafe mu. Watanni kaɗan bayan baftismarsa, a ƙarshen 1882, limaman nan suka bar ƙasar don tsoron fitina, suka ƙetare tafki zuwa kudu. Ba su komo ba sai 1885. Wajen shekara uku ke nan babu limamin Katolika ko ɗaya a Buganda. Ba mai duba aiki, ba mai biyan albashi, ba mai yabo, ba mai tsawatawa. Da Mulumba ya naɗe hannu ya ce sai malamai sun dawo, ba wanda zai ga laifinsa, gama shi kansa sabon shiga ne. Amma sai ya mai da gidansa na Mityana makaranta. Ɗan abin da ya koya, shi ya riƙa koya wa waɗansu, shi da abokansa irin su Nuwa Mawaggali da Luka Banabakintu. Da limaman suka komo, suka tarar masu bi a ƙasar sun fi yadda suka bar su yawa.

Cikin 1886 sarkin Buganda, Kabaka Mwanga na Biyu, ya tasam ma Kiristan fadarsa. Aka kama Mulumba, yana da shekara wajen 50, aka nemi ya bar addininsa, ya ƙi. Aka kai shi wani tudu a Kampala, aka sassare gaɓoɓinsa, aka bar shi nan cikin rana. Sai da ya kwana uku kana rai ya yi halinsa, ran 30 ga Mayu 1886. Ran 3 ga Yuni aka ƙone waɗansu da yawa a Namugongo. An lissafta 'yan Katolika 22 da 'yan Angilikan 23 da suka mutu a wannan fitina. Paparoma Bulus na Shida ya sa 'yan Katolikan nan 22 cikin waliyyai ran 18 ga Oktoba 1964, shekara 11 bayan Fada Ojefua ya zaɓi sunan Mulumba.

Da muka komo Gombe na tafi wurin tela don in cika alkawari. Na ce, "Baba, Mulumba bai ci gari ko ɗaya ba, bai kuwa sari kowa ba, shi aka sara." Na kwashe labari duka na gaya masa. Na ƙara masa da wani abu da na karanta, cewa tun kafin wannan, a cikin shekarun 1870, uban Mwanga, watau Kabaka Mutesa na Ɗaya, ya sa an kashe waɗansu samarin fada Musulmi a Namugongo ɗin nan, don sun ƙi cin naman da ba a yanka bisa ƙa'idar Musulunci ba. Tsohon ya dakatar da kekensa, ya yi shiru, can ya ce, "Allahu Akbar. Ashe sarki ba ya son wanda ke tsoron wani sama da shi. To, ka gaya wa kawunka ya riƙa goge halinsa kamar yadda ya ke goge takobin nan." Na isar da saƙo, kawu ya yi dariya ya ce maganar dattijo gaskiya ce, abin da a ke gaya musu ke nan a kowane taro.

Ni dai abin da na ɗauko daga taron nan shi ne, darajarsa ba a jerin gwano ta ke ba, ko da ya ke jerin yana da kyau. Kwana uku ne a shekara a ke ganin kwat da takobi. Sauran kwanakin kowa yana garinsu, ba bishop a kusa, ba mai ɗaukar hoto. Nan ne a ke sanin barde. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Haka kuwa aikin Mishan ya tafi a Arewa tun da limaman Katolika suka sauka Shendam cikin 1907. Limamai kaɗan ne, ƙasa kuwa da faɗi, sai Fada ya yi wata guda ko biyu bai leƙa wani ƙauye ba. Katekis da malamin makaranta su ne su ke riƙe da jama'a. Babban taron bishop-bishop da aka yi a Roma daga 1962 zuwa 1965 ya tabbatar da wannan, ya ce aikin ikilisiya ba na limamai kaɗai ba ne, kowane mai bi yana da nasa rabo.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, Musulmi da Kirista, ba da daɗewa ba za a watsa mu cikin ƙauyuka. Wani za a kai shi Dukku, wani Nafaɗa, wani Balanga, wani can kan dutsen Tula. A nan kwaleji ƙararrawa ce ke tashe mu, malami kuma yana zaune a bayan aji da takarda yana ba mu maki in mun fita gwajin koyarwa. A can ba ƙararrawa sai wadda ka buga da hannunka. Mai duba makarantu ya yi zango guda bai zo ba, albashi ya makara, allo ya koɗe, alli ya ƙare. Dukanmu mun san makarantun da malami ke zuwa ran Litinin ya sa hannu, ba a sake ganinsa sai ran albashi, yara suna ta wasa a gindin bishiya, su gama aji shida ba su iya rubuta sunansu ba. Iyayensu talakawa ne, ba su san inda za su kai ƙara ba. Ranar da ɗayanmu ya tsaya a ƙofar aji, ya duba gabas da yamma ya ga ba mai ganinsa sai Allah da yara arba'in ko hamsin, ran nan zai san ko shi malami ne ko mai jiran wata ya mutu.

A kan hanyarmu ta komowa, bayan mun wuce Alƙaleri, kawu ya tambaye ni ko zan so ya gabatar da ni a reshensu in na gama karatu na yi aure. Ya ce tsufa ya kama su, suna bukatar samari masu jin Hausa da harsunan ƙasarmu. Maganar ta yi mini nauyi, gama shi ya biya mini kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifina, ban kuwa saba ce masa a'a ba. Na ce, "Kawu, ka ba ni shekara uku, daidai da waɗanda Mulumba ya yi a Mityana ba limami. In an kai ni ƙauye, ka zo ba tare da ka aiko ba, ka shiga ajina, ka sa yara su yi maka karatu. In ka tarar sun iya, sai mu yi maganar kwat da takobi. In ba su iya ba, ko an rataya mini takobi, ƙarfe ne kawai." Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Allah ya kai mu. Amma ka sani zan zo."

Na san kuwa zai zo, gama mutumin da ya yi adashin shekara guda don taron kwana uku ba zai ji ƙyashin kuɗin mota zuwa ƙauye ba. Na rubuta wannan a nan don ku zama shaidu a kaina. Wanda ya ji labarin na bar aji ina yawon kasuwa, ya aiko mini da wannan shafi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, amin.